Karo ilimi a aikin jinya: yadda iyali za su auna tsadarsa da amfaninsa

A gidaje da yawa a Jibiya da ƙauyukan da ke kewaye da ita, ma'aikaciyar jinya ita ce likitan gida. Ita ake tasa cikin dare idan jikin yaro ya yi zafi, ita ake kai wa takardar gwaji ta duba, kuma sau da yawa albashinta ne ke ɗauke da cefanen gida fiye da ɗaya. Saboda haka ranar da ta ce tana so ta koma makaranta, magana ce da ta shafi dangi gaba ɗaya. Wani zai sayar da sa, wata za ta ba da kwasar adashenta, wata kuma za ta riƙe yara.

Wannan bayani an shirya shi ne domin irin waɗannan iyalai. Zai nuna matakan karatun jinya, abin da kowane mataki ke ci, abin da yake jawowa, da abin da ya kamata a bincika kafin a biya ko sisi. Mun yi amfani da kalmar "ma'aikaciyar jinya" saboda mata sun fi yawa a aikin, amma duk abin da aka faɗa ya shafi maza ma.

Matakan karatun jinya a Najeriya

Hukumar da ke ba da lasisin aikin jinya da ungozoma a Najeriya ita ce NMCN. Duk takardar da mutum ya riƙe, ba shi da izinin taɓa majinyaci a matsayin nas sai da rajista da lasisin wannan hukuma. Hukumar NUC kuma ita ke amincewa da kwasa-kwasan jami'o'i. A riƙe waɗannan sunaye biyu, domin za su yi ta dawowa.

Mataki na farko shi ne makarantar koyon jinya ko ungozoma. A da shekara 3 ake yi a fito da rajista. Yanzu makarantu da yawa sun koma kwalejoji masu ba da ƙaramar difloma da babbar difloma cikin shekara 4. A Jihar Katsina akwai makarantar jinya ta gwamnati a birnin Katsina da ta ungozoma a Malumfashi.

Mataki na biyu shi ne digiri na farko a kimiyyar jinya. Wanda ya shiga daga sakandare yana yin shekara 5, sannan horon aiki na shekara ɗaya a asibiti, sannan hidimar ƙasa. Wadda take da rajista tun farko ana rage mata shekaru. Jami'ar Ibadan ce ta fara wannan digiri a 1965. A Arewa maso Yamma ana yin sa a Jami'ar Ahmadu Bello Zariya, Jami'ar Bayero Kano da Jami'ar Usmanu Danfodiyo Sakkwato. Jami'ar karatu daga gida ta ƙasa, wato NOUN, da cibiyar karatu daga nesa ta Jami'ar Ahmadu Bello suna ba masu rajista damar yin sa ba tare da sun bar aiki ba.

Mataki na uku shi ne kwas ɗin ƙwarewa, wanda ma'aikata ke kira fos-besik. Ana ɗaukar wadda take da rajista a koya mata fanni ɗaya har ta ƙware: ɗakin tiyata, ba da maganin barci lokacin tiyata, sashen gaggawa, jinyar yara, ido, ƙashi, taɓin hankali da sauransu. Yawancinsu shekara ɗaya ne zuwa ɗaya da rabi, kuma a manyan asibitoci ake yin su. Asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yana da irin waɗannan kwasa-kwasai da dama. Na ƙashi ana yin sa a Asibitin Dala da ke Kano, na ido a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, na taɓin hankali kuma a asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya irin na Kaduna.

Mataki na huɗu shi ne digiri na biyu, wato mastas, daga nan sai na uku. Ana neman digiri na farko mai kyakkyawan sakamako, da lasisi mai rai, da takardar hidimar ƙasa ko ta yafewa. A takarda shekara ɗaya da rabi ne zuwa biyu, rabinsa aji, rabinsa bincike da rubuta kundi.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar waɗannan matakai kamar tsani ɗaya, wanda na sama ya fi na ƙasa a kowane hali. Ba haka ba ne. Kwas ɗin ƙwarewa da mastas hanyoyi biyu ne da ke kai wa wurare daban-daban.

Me ya sa wannan ya shafi majinyaci?

A yawancin asibitocin karkara, nas ce ke kwana da majinyaci. Likita na zuwa zagaye ya wuce, ita kuwa ita ke lura da numfashin da ya canza, da jinin da ya ƙi tsayawa bayan haihuwa, da yaron da ya daina shan nono. Ilimin da ke kanta shi ne ke sa a gane haɗari da wuri.

Akwai bincike da ya tabbatar da haka. A 2014 mujallar likitoci ta The Lancet ta wallafa nazarin da aka yi a asibitoci 300 na ƙasashen Turai 9, kan majinyata fiye da 420,000 da aka yi wa tiyata. An gano cewa duk ƙarin majinyaci ɗaya a kan nas ɗaya yana ƙara haɗarin mutuwa cikin kwana 30 da kashi 7 cikin 100. Haka kuma duk ƙarin kashi 10 cikin 100 na nas-nas masu digiri na farko a asibiti yana tafiya da raguwar haɗarin da kashi 7 cikin 100. A lura da abu biyu a nan. Binciken ya yi magana ne a kan digiri na farko, bai yi a kan mastas ba. Sannan ya nuna cewa yawan ma'aikata yana da nauyi kamar iliminsu. Asibitin da ya tura nas biyu karatu lokaci ɗaya ba tare da an cike gurbinsu ba, majinyatansa ne za su ji a jikinsu.

A wajenmu buƙatar a fili take. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna mata 512 ke rasuwa a cikin kowace haihuwa 100,000, kuma kashi 43 cikin 100 kacal na haihuwa ne ƙwararru ke karɓa a faɗin Najeriya. Arewa maso Yamma tana ƙasa da wannan sosai. A yankin Jibiya an ƙara da matsalar 'yan bindiga, wadda ta raba mutane da gonakinsu, ta kuma sa tafiya asibiti da dare ta zama da wuya. Tamowa ta yi yawa har ƙungiyar likitoci ta MSF ta buɗe cibiyoyin kula da yara a Jihar Katsina tun 2021, kuma an san iyaye mata suna tsallakawa da 'ya'yansu zuwa Ɗan Isa da Madarumfa a Nijar neman magani. A irin wannan wuri, nas da ta iya tsayar da jijjiga, ko ta farfaɗo da jariri, ko ta kula da wanda aka harba kafin a kai shi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, tana ceton rai a zahiri.

Kuɗin da ake gani da wanda ba a gani

Yawancin iyalai kuɗin makaranta kaɗai suke tambaya. Sau da yawa kuwa shi ne ƙaramin kaso. Kafin a yanke shawara, a ɗauki takarda a rubuta waɗannan ɗaya bayan ɗaya:

1. Kuɗin fom, na tantancewa, na karɓar gurbi, da na takardar sakamako daga tsohuwar makaranta.
2. Kuɗin rajista na kowace shekara. A tambayi na shekarar da ake ciki daga makarantar kanta, domin yana canzawa, kuma na jami'o'i masu zaman kansu ya ninka na gwamnati.
3. Masauki da abinci. Mai karatu a Kano, Zariya ko Sakkwato tukunya biyu take ɗorawa, ɗaya a can, ɗaya a gida.
4. Kuɗin mota. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, wannan ya zama babban kaso ga mai zuwa tana dawowa kowane mako.
5. Kwamfuta, data, littattafai, buga takardu da ɗinke kundi.
6. Kuɗin bincike: neman izinin kwamitin ɗa'a, buga takardun tambayoyi, zirga-zirga, da sallamar masu taya tattara bayanai.
7. Kuɗin jarrabawar hukuma, rajistar sabuwar ƙwarewa da sabunta lasisi.
8. Kula da yara ko tsofaffin da take ɗawainiya da su.
9. Kuɗin da za ta rasa: alawus na kwanan aiki, aikin da take yi a asibiti mai zaman kansa bayan tashi, ko wata sana'ar da za ta tsaya.

Na tara shi ne aka fi mantawa, kuma yakan fi sauran ciwo. Kuɗin da bai shigo ba daidai yake da kuɗin da ya fita.

Bayan an haɗa jimla, a ƙara lissafin shekara guda a kai. Mastas na shekara biyu yakan kai uku saboda jinkirin duba kundi ko yajin aiki. Malaman jami'o'in gwamnati sun yi yajin aiki na kusan wata 9 a 2020, da na wata 8 a 2022. Duk watan da aka ƙara, haya da abinci ba sa jira.

Daga ina kuɗin zai fito?

Hanya mafi sauƙi ita ce hutun karo ilimi da albashi. Ma'aikaciyar gwamnati da aka tabbatar wa aiki tana iya nema ta hannun shugabanninta. A madadin haka takan sa hannu a yarjejeniyar cewa za ta dawo ta yi aiki na wasu shekaru, in ba haka ba ta biya abin da aka kashe. A karanta wannan takarda da kyau, musamman ma masu tsaya mata, domin su za a nema idan ta saɓa. Kada a tafi sai takardar amincewa ta fito a rubuce. Alƙawarin baki daga shugaba ba ya hana a tsayar da albashi, kuma takardar da aka samo ba da izini ba, ana iya ƙin la'akari da ita wajen ƙarin girma.

Asusun TETFund yana ɗaukar nauyin mastas da digiri na uku, amma na malaman jami'o'i, kwalejojin kimiyya da fasaha da kwalejojin ilimi na gwamnati ne. Nas da ke aiki a babban asibiti ko cibiyar lafiya ta matakin farko ba ta cikinsa. Asusun bashin ɗalibai na NELFUND, wanda ya fara aiki a 2024, na ɗaliban manyan makarantun gwamnati ne, kuma ba ya ɗora kuɗin ruwa. A tabbatar da cewa matakin karatun da ake nema yana cikin waɗanda yake ɗauka kafin a sa shi a lissafi.

Sauran hanyoyin su ne na gida: adashe, ƙungiyar taimakon juna ta ma'aikata, gudummawar dangi, ko sayar da kadara. Shawararmu a nan ita ce a bambanta tsakanin abin da ke ajiye da abin da ke haihuwa. Sayar da ragon da aka turke daban, sayar da gonar da ake ci daga cikinta daban. Haka kuma kada a taɓa kuɗin maganin mai ciwon suga, hawan jini ko sikila da ke gidan. Wanda ya daina shan magani wata uku don a biya rajista, kwanciyarsa a asibiti za ta cinye abin da ya fi haka. A guji bashin manhajojin waya da na masu ba da kuɗi da ruwa, domin karatun jinya ba ya mayar da kuɗi da saurin da ruwan ke hawa.

Me za a samu?

Amfanin kashi uku ne: kuɗi, matsayi, da ƙwarewa.

Ta fuskar kuɗi, ma'aikatan jinya na gwamnatin tarayya suna kan tsarin albashi na CONHESS, jihohi kuma kowace da yadda take aiwatar da nata. A wannan tsari mataki da shekarun aiki ne ke ƙayyade albashi. Mastas ba ya ɗaga mutum mataki kai tsaye ranar da ya kawo shi. Abin da yake yi shi ne ƙara masa nauyi lokacin da ake neman shugaban sashe, ko malami, ko jami'in wani shiri. Takardar da ta fi canza makomar nas a aikin gwamnati ita ce digiri na farko, domin ita ke buɗe hanyar hawa zuwa matakan darakta, inda mai rajista kaɗai take tsayawa ƙasa da nan. Saboda haka wadda ba ta da digiri na farko, shi ne abin da ya kamata ta fara dubawa.

Akwai lissafi mai sauƙi da kowane gida zai iya yi. A raba jimlar abin da za a kashe da ƙarin da ake sa ran samu kowane wata. Misali kawai, ba farashin wata makaranta ba: a ce komai da komai ya kama naira miliyan 2 da dubu 400. Idan karatun zai ƙara mata naira 40,000 a wata, sai bayan wata 60, wato shekara 5, kuɗin zai dawo. Idan ƙarin naira 15,000 ne, wata 160 ke nan, fiye da shekara 13. Sai a dubi shekarun da suka rage mata. Ƙa'idar da aka daɗe ana bi a aikin gwamnati ita ce ritaya bayan shekara 35 na aiki ko cika shekara 60 da haihuwa. Mai shekara 30 da mai shekara 52 ba lissafinsu ɗaya ba, ko da kwas ɗaya suke nema.

Kada a ɗauki adadin ƙarin daga jita-jita. A nemi mutum biyu ko uku da suka gama irin wannan karatu, suna aiki a irin wannan ma'aikata, a tambaye su abin da ya canza a takardar albashinsu da kuma tsawon lokacin da ya ɗauka.

Kwas ɗin ƙwarewa ko mastas?

Amsar tana ga tambaya ɗaya: a ina take so ta tsaya nan da shekara 10, gefen gadon majinyaci ko gaban allo da tebur?

Wadda take son aikin hannu, kwas ɗin ƙwarewa ya fi dacewa da ita. Ya fi gajarta, a cikin asibiti ake koyonsa, kuma ranar da ta dawo ake fara cin moriyarsa. Asibitin da ke da ɗakin tiyata amma babu mai ba da maganin barci, dole ya tura mai naƙudar da ta gagara zuwa Katsina, kuma lokacin da aka ɓata a hanya shi ke jawo mutuwar jariri ko yoyon fitsari. Cibiyar yoyon fitsari ta ƙasa da ke Babbar Ruga a Katsina shaida ce ta yawan matan da irin wannan jinkiri ya illata. Nas ɗaya mai wannan ƙwarewa tana iya canza abin da asibiti guda zai iya yi. Irin waɗannan ma'aikata ba su cika rasa masu nemansu ba.

Wadda take son koyarwa a kwalejin jinya ko jami'a, ko shugabancin ma'aikata, ko bincike, ko aiki da ƙungiyoyin lafiya, mastas ne hanyarta. Ba a hawa matakan koyarwa a jami'a sai da shi, daga baya ma sai da digiri na uku. Amfaninsa ga majinyaci yana zuwa ne ta bayan fage: malama ɗaya ta gari tana yaye ɗaruruwan nas-nas. Sai dai irin waɗannan ayyuka sun fi yawa a Katsina, Kano da Abuja. Iyalin da suka ɗauki nauyin mastas su san cewa akwai yiwuwar aikin da zai biyo baya ya ɗauke ta daga Jibiya. Gara a yi wannan magana tun farko, musamman da miji.

Karatu a tsallaken iyaka

Ga mutumin Jibiya, Maraɗi ta fi Kano da Zariya kusa. Daga Magama a tsallaka Ɗan Isa, ba jimawa an isa. Harshe ɗaya ne, kuma akwai 'yan uwa a ɓangarorin biyu. A Maraɗi akwai jami'ar gwamnati ta Ɗan Dikko Ɗankulodo, wadda ke koyarwa da Faransanci, akwai kuma Jami'ar Maryam Abacha mai zaman kanta, wadda aka kafa a 2013, tana koyarwa da Turanci, kuma ɗalibai daga Najeriya da yawa sun yi karatu a cikinta. Don haka ba abin mamaki ba ne iyali su yi tunanin can. Amma akwai abubuwa uku da za a sa a ma'auni.

Na farko, amincewa da takarda. Duk wanda ya yi karatun jinya a wajen Najeriya, ko da tafiyar awa ɗaya ce daga gidansu, a idon doka wanda ya yi karatu a ƙasar waje ne. Sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance takardarsa, sannan NMCN ta sa shi horon daidaitawa da jarrabawarta kafin ta ba shi lasisi. Wannan ƙarin lokaci ne da ƙarin kuɗi. Dokar tantancewa kuma tana iya canzawa ba zato. A watan Janairu na 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo bayan wani ɗan jarida ya bankaɗo yadda ake sayen digiri a Kwatano, kuma matakin ya shafi har waɗanda suka yi karatunsu da gaskiya. A nemi tabbaci a rubuce daga hukumomin Najeriya game da makarantar da kuma ainihin kwas ɗin, kafin a biya.

Na biyu, canjin kuɗi. Sefa tana ɗaure da kuɗin Turai na yuro a kan farashi tsayayye, naira kuwa an sake ta tun watan Yuni na 2023, ta kuma faɗi ƙwarai. Mai karɓar albashi da naira yana biyan haya da abinci da sefa, duk faɗuwar naira ƙarin kuɗin makaranta ne a wurinsa.

Na uku, ita kanta iyakar. An rufe iyakokin ƙasa na Najeriya daga watan Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020. An sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ba a buɗe ba sai watan Maris na 2024. A watan Janairu na 2025 kuma ficewar Nijar daga ECOWAS ta tabbata. Karatun shekara biyu ko fiye da ya dogara da tsallakawa kowane mako yana buƙatar shirin ko-ta-kwana: cikakkun takardun tafiya, da wurin zama a can idan hanya ta toshe.

Masu niyyar fita aiki waje

Wasu suna neman mastas ne da tunanin shi ne tikitin Ingila ko Saudiyya. Ba shi ba ne sharaɗi. Hukumar jinya ta Birtaniya tana neman rajistar gida, jarrabawar Turanci, jarrabawar kwamfuta da ta gwajin aiki. Saudiyya tana tantance takardu, tana kuma da tata jarrabawar. Dukansu suna duba rajista da ƙwarewar aiki fiye da yawan digiri.

Dokokin ma suna yawan juyawa. Daga Janairu 2024 Birtaniya ta hana yawancin ɗaliban mastas tafiya da iyalansu. A watan Fabrairu na shekarar NMCN ta fitar da ƙa'idar sai nas ta yi shekara 2 tana aiki kafin a tantance mata takardu zuwa waje, abin da ya jawo zanga-zangar ma'aikatan jinya. Najeriya da Nijar duka suna cikin jerin ƙasashe 55 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ware a 2023 a matsayin masu ƙarancin ma'aikatan lafiya, waɗanda ba a so a riƙa zuwa ɗibar ma'aikatansu. Kada a sayar da gida a kan dokar da za ta iya canzawa kafin a gama karatun.

Lafiyar mai karatun

Haɗa kwanan aiki, karatu, doguwar tafiya da hidimar gida yana gajiyar da jiki. Rashin barci yana jawo kuskuren magani a wurin aiki, yana kuma tayar da hawan jini da gyambon ciki. Mai juna biyu ko mai shayarwa ta tambayi makarantar tsarinta na ɗage zangon karatu tun kafin ta shiga. Idan aka ga mai karatu ta daina cin abinci, ba ta barci, tana yawan kuka ko ta janye daga mutane fiye da mako biyu, a kai ta ga likita. Iyali su kuma tsara tafiye-tafiyenta da rana. Gudummawar da ta fi kuɗi wani lokaci ita ce a ɗauke mata girki da raino a makon jarrabawa.

Tambayoyi kafin a biya

1. NUC ta amince da wannan kwas a wannan jami'a? NMCN ta amince da makarantar?
2. Takardar za ta shiga rajistarta a matsayin ƙarin ƙwarewa?
3. Ma'aikatarta ta ba da izini a rubuce? Da albashi ko babu?
4. Shekara nawa ne yarjejeniyar dawowa aiki, kuma wa ya tsaya mata?
5. Waɗanda suka shiga shekara uku da suka wuce, sun fita?
6. A wane asibiti ake yin horon aiki, kuma akwai majinyata da kayan aiki a ciki?
7. Wane aiki ne takamaimai take sa ran samu bayan ta gama, kuma a wane gari?
8. Idan kuɗi ya yanke a tsakiya, me za a yi?

Alamomin yaudara

A yi hattara da duk wanda ya ce zai samo gurbi ba tare da tantancewa ba, ko ya ce a tura kuɗi asusun wani mutum maimakon na makaranta. Haka nan makarantar da ta yi alƙawarin digirin jinya cikin 'yan watanni, ko wadda ba ta da asibitin horo, ko wadda aka tambaye ta takardar amincewa ta ce "tana hanya". Aikin jinya ba a koyonsa ta waya kaɗai. Takardar bogi asarar kuɗi ce, tana iya jawo kora da gurfana gaban kotu, kuma wanda zai fi cutuwa shi ne majinyacin da aka damƙa wa mai riƙe da ita.

A taƙaice

Karo ilimi a aikin jinya yana da amfani idan abu uku suka haɗu: hukuma ta amince da takardar, ma'aikata ta san da tafiyar, kuma akwai aikin da ke jiran ƙwarewar. Wadda ba ta da digiri na farko ta fara da shi. Mai son aikin hannu ta dubi kwas ɗin ƙwarewa. Mai son koyarwa, shugabanci ko bincike ta nemi mastas. Idan lissafi bai fita bana ba, jinkirta shekara guda a tara kuɗi ya fi a fara a tsaya a tsakiya da bashi a wuya. A zauna da iyali, a rubuta komai a takarda, sannan a nemi shawarar shugabar ma'aikatan jinya ta asibitin da take aiki kafin a sayi fom.